Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Karɓar Jini: Ku Tambaye Mu Inda Muka Je, Ba Inda Aka Haife Mu Ba

Zuwa ga shugabannin hukumomin karɓa da adana jini na ƙasashen da baƙi ma'aikata suka yi yawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ranku ya daɗe, wasu alƙaluma ne da ke fitowa daga ɗakunan gwaje-gwajenku suka sa na ɗauki alƙalami. Ba ƙaryata su na zo yi ba, domin aiki ne na masana kuma yana da amfani. Abin da ke damuna shi ne yadda za a karanta su, da abin da za a aikata da su idan suka bar hannun masu bincike suka isa teburin ma'aikacin da ke karɓar fom a bakin ƙofa. Ni mai ba da gudunmawar jini ne, ba likita ba, amma jinin da ake ƙidaya a cikin waɗannan alƙaluman irin nawa ne, don haka ina ganin ina da bakin magana.

A shekarar 2019 masu bincike a Qatar suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa jinin maza kusan 2,000 da suka ba da gudunmawa a ƙasar. Qatar wuri ne da ya dace da irin wannan aiki, tunda kusan kashi 90 cikin 100 na mazaunanta baƙi ne, kuma a layi guda za ka tarar da mutanen ƙasashe goma suna jiran a ɗebi jininsu. An nemi alamar zazzaɓin dengue da na chikungunya, cututtukan da sauro ke yaɗawa. A wajen dengue, sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan Filifins suna ɗauke da alamar, Indiyawa sama da rabi, 'yan Sudan kusan rabi, su kuwa 'yan Qatar ɗin 'yan ƙalilan ne. Da aka sake yin irin wannan bincike a kan cutar West Nile, 'yan Sudan da Misirawa ne suka zo kan gaba, kusan mutum ɗaya cikin uku. An jera sakamakon ƙasa-ƙasa, kowace da lambarta a gabanta.

Wanda bai san abin da aka auna ba, idan ya ga wannan jeri, abin da zai fahimta shi ne jinin ɗan Filifins ya fi na ɗan Qatar haɗari nesa ba kusa ba. Ba haka maganar take ba, kuma ku kun fi ni sanin ba haka take ba.

Ba ƙwayar cutar aka auna ba. Abin da aka auna shi ne sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgG, wanda jiki ke haɗawa bayan ya yi faɗa da cuta, ya kuma ajiye shi shekara da shekaru, sau da yawa har ƙarshen rayuwa. Tabo ne, ba gyambo ba. Mutumin da sauro ya ciza a Manila yana ɗan shekara bakwai, ya yi zazzaɓin mako guda ya miƙe, yau yana da shekara arba'in yana aikin gini a Doha, gwajin zai nuna alamar a jininsa, alhali ƙwayar cutar ta bar jikinsa tun shekaru talatin da suka wuce. Ƙwayar dengue ba irin ta ƙanjamau ba ce ko ta ciwon hanta nau'in B, waɗanda kan yi zaman dirshan a jiki. Kwanaki take yi a cikin jini, galibi mako guda ko ɗan fiye da haka, garkuwar jiki ta share ta. Haka chikungunya, haka Zika. Ledar jinin wannan bawan Allah lafiyarta ƙalau, kuma mai haihuwar da jini ya ɓalle mata za ta rayu da ita kamar yadda za ta rayu da ta kowa.

Ko ita alamar ma ba kullum take faɗin gaskiya tsantsa ba. Dengue, Zika, West Nile da cutar shawara dangin juna ne, kuma gwajin da aka fi amfani da shi kan rikita su. Wanda ya taɓa yin dengue na iya bayyana kamar ya yi West Nile. Wanda aka yi wa allurar rigakafin shawara, wadda ƙasashe da dama ke neman shaidarta kafin matafiyi ya shiga, shi ma gwajin na iya kama shi. Sai an bi da wani gwaji mai wahala da tsada, wanda ake haɗa jinin da ƙwayar cutar a ga ko zai kashe ƙarfinta, sannan a tantance wace ce a ciki. Ke nan wani kaso na lambar da aka rubuta a gaban sunan wata ƙasa ba cuta ba ce ma, rigakafi ne.

Kada a ɗauka ina cewa babu haɗari. Akwai shi, kuma an ga gawarwaki a kansa. West Nile, wadda aka fara ganowa a Yuganda a 1937, ta ɓulla a New York a 1999. Zuwa 2002 an tabbatar da mutum 23 a Amurka da suka kamu da ita ta hanyar ƙarin jini, daga masu bayarwa 16, kuma wasunsu ba su tashi ba. Dalili shi ne kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin komai a jikinsu. Mutum zai shigo da ƙafarsa, a auna zafin jikinsa a ga daidai, a auna hawan jininsa a ga daidai, ya amsa tambayoyin fom tsakaninsa da Allah, alhali ƙwayar na yawo a jijiyarsa. Wanda za a ƙara wa jinin kuwa ba mai lafiya ba ne. Mai ciwon daji ne, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko jariri bakwaini, mutanen da garkuwarsu ta riga ta faɗi, kuma a jikinsu ne wannan cuta ta fi haurawa ƙwaƙwalwa. Daga tsakiyar 2003 Amurka ta fara gwada duk jinin da aka bayar da gwajin NAT, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta. An kuma ga dengue ta bi leda ta shiga jikin majinyata a Hong Kong a 2002, da Singafo da Puerto Rico a 2007. A tsibiran Polinesiya na Faransa, lokacin annobar Zika ta 2013 zuwa 2014, an sami ƙwayar a jinin mutum 42 cikin 1,505 da suka zo ba da gudunmawa ba tare da wata alamar ciwo ba.

To, ku duba waɗannan mutanen da kyau. Su waye? Akasarin abin da ya haɗa su shi ne sauro mai ɗauke da cutar ya cije su kwanan nan, a garin da suke zaune ko inda suka je suka dawo. Babu inda fasfo ya shigo a ciki. Amurkawa ne suka ba Amurkawa West Nile. Idan ma ana neman wanda ya fi zama abin tsoro a ƙasa irin Qatar, to ɗan ƙasar ne da bai taɓa yin dengue ba, ya tafi hutu Bangkok ko tsibirin Bali, ya dawo ranar Lahadi, ya zo ba da jini ranar Laraba. A jerin da aka wallafa yana cikin rukunin da ya fi kowa tsabta. Shi kuwa leburan da bai taka ƙasarsu ba shekara biyu saboda tsadar tikiti, yana cikin rukunin da ya fi kowa muni. Duk hukumar da ta ɗauki wannan jeri a matsayin ma'aunin haɗari, ta bar jaki tana dukan taiki.

Shi kansa sauron bai tsaya inda aka san shi ba. Dengue ta zauna a Jidda tun 1994. Zazzaɓin Rift Valley ya tsallaka Bahar Maliya ya shiga kudancin Saudiyya da Yemen a 2000. Birnin Maskat na Oman ya ga tasa ɓarkewar dengue a ƙarshen 2018. Sauron Aedes mai ratsin fari da baƙi, wanda ke cizo da rana tsaka, ya kafu a kudancin Turai, har ana samun waɗanda suka kamu da dengue a Faransa da Italiya da Sifaniya ba su je ko'ina ba. A 2007 chikungunya ta kama mutum sama da 200 a yankin Ravenna na Italiya, sai aka dakatar da karɓar jini daga mazauna wurin. A 2017 aka sake yin haka a wani sashe na birnin Rum. A tsibirin Réunion na Faransa kuwa, inda cutar ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a tsakanin 2005 da 2006, hukumar jini ta Faransa ta daina ɗibar jini a tsibirin, ta riƙa kawo shi ta jirgi daga Faransa. A duk waɗannan wurare abin da aka duba shi ne wuri da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutanen duniya na zaune inda dengue za ta iya kama su, kuma a 2024 an ba da rahoton mutum sama da miliyan 14 da suka kamu, adadin da ba a taɓa gani ba. Da wannan yaɗuwar, taswirar da ke raba duniya zuwa ƙasashe masu cuta da marasa cuta tsufa take yi kowace damina.

Wataƙila ku ce ina jin tsoron abin da bai faru ba. Ya faru, ranku ya daɗe, ba sau ɗaya ba, duk da cewa a kan ƙanjamau ne. A farkon 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana duk 'yan Haiti da mutanen Afirka kudu da Sahara ba da jini. A watan Afrilun shekarar dubun dubatar 'yan Haiti suka cika gadar Brooklyn da zanga-zanga, kafin ƙarshen shekara aka janye haramcin a kansu. A Janairun 1996 asiri ya tonu cewa a Isra'ila ana karɓar jinin Yahudawa 'yan asalin Habasha da fara'a, idan sun juya baya a zubar. A Afirka ta Kudu an daɗe ana auna haɗarin jini da launin fata, har ta kai an ƙi amfani da jinin Shugaba Thabo Mbeki, abin da ya tayar da ƙura a 2004. Abin lura a nan shi ne mafitar da suka samu: daga 2005 suka koma gwada kowace leda ɗaya bayan ɗaya da NAT, suka cire launin fata daga lissafi. Duk waɗannan dokoki an kare su ne da alƙaluma, kuma da sunan kare majinyata. Babu wanda ya tashi ya ce ƙiyayya ce ta sa shi.

Ba ma sai an rubuta doka ba. Na taɓa zama a ɗakin jira na wata cibiyar karɓar jini, wani mutum ya shigo da kayan aiki a jikinsa, da alama daga wurin aiki ya biyo kai tsaye. Tun kafin a kira shi ya naɗe hannun rigarsa. Ma'aikaciyar ta karɓi katinsa ta duba, ta shiga ciki, ta fito, ta ce masa yau ba za su ɗauka ba. Bai tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba, ba ta ce ya dawo ranar kaza ba. Ya tsaya ɗan jim, ya sauke hannun rigar, ya ɓalla maɓallin a hankali, ya fita. Mai yiwuwa tana da hujja mai ƙarfi. Amma abin da ya tafi da shi gida shi ne an dubi katinsa an ce ba a so, kuma haka zai faɗa wa duk waɗanda suke kwana ɗaki guda. Wanda aka mayar ba bayani da wuya ya sake zuwa, kuma ba shi kaɗai ake rasawa ba.

Akwai wuri guda da na yarda tambayar inda mutum ya girma tana da tushe, wato zazzaɓin cizon sauro na maleriya. Ita wannan ba bairos ba ce, wata halitta ce daban, kuma wanda ya tashi a inda take na iya riƙe ta a jini tsawon lokaci ba tare da ya kwanta ba. Shi ya sa Amurka ta daɗe tana sa wanda ya zauna a irin waɗannan ƙasashe jiran shekara uku, Ingila kuma takan yi masa gwaji na musamman bayan 'yan watanni ta karɓa. Wannan hujja ce ta ilimi. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗauki hukuncinta a yafa wa dengue da 'yan uwanta don kawai duk sauro ne ke kawo su. Yi musu kuɗin goro kuskure ne a likitance tun kafin a zo maganar adalci.

Kuma kuna buƙatar jinin nan ƙwarai. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kwana 42 a firiji, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini kuwa kwana 5 zuwa 7 ne. A ƙasar da baƙi ne mafi rinjaye, su ne ke cika ma'ajiyar, su ne kuma ke faɗowa daga saman gini a kawo su asibiti. Bayan haka, jini ba A da B da O kaɗai ba ne. Mai ciwon sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai yana buƙatar wanda ya dace da nasa sosai, in ba haka ba jikinsa ya fara yaƙar duk abin da aka ƙara masa. Hukumar jini ta Ingila ta sha yin kira ga baƙaƙen fata su fito saboda nau'in da ake kira Ro, wanda ya fi yawa a cikinsu har ninki goma. Mutanen da jerin zai sa a yi wa kallon hadarin kaji, su ne kaɗai ke da abin da wasu majinyatanku ke jira.

Saboda haka ga abin da nake nema a wurinku. Ku gyara fom ɗin ya tambayi tafiya dalla-dalla: ina ka je, yaushe ka dawo, ka yi zazzaɓi bayan ka dawo? A yi wa kowa tambayar, ɗan ƙasa da baƙo, da murya iri ɗaya, kuma da harshen da mutum ke ji, domin wanda aka miƙa wa takarda da yaren da ba ya karantawa "a'a" zai bi yana cikewa har ƙasa. Dokar Tarayyar Turai ta kwana 28 bayan barin yankin da West Nile ke yaɗuwa, ko kuma a yi gwajin NAT a karɓa nan take, abar koyi ce. Wanda lokacinsa bai cika ba a rubuta masa ranar dawowa a takarda, a faɗa masa dalili baki da baki, a kuma kira shi idan ranar ta zo. Ku roƙi kowa ya bugo waya idan zazzaɓi ya kama shi cikin makonni biyu bayan ya bayar, a janye ledar kafin ta isa gadon majinyaci. Wannan kusan kyauta ne.

Ban ce ku gwada komai a kowane lokaci ba. Amurka ta yi haka da Zika daga 2016. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasar ta gwada jini sama da miliyan 4 ta sami 9 kacal masu ɗauke da ƙwayar, an kashe maƙudan kuɗi, a 2021 aka soke dokar. Abin da ya fi shi ne ku zauna da kunne a buɗe, ku haɗa kai da masu sa ido kan annoba da masu bin diddigin sauro, ku kunna gwajin a yankin da cutar ta ɓulla da lokacin da take yaɗuwa, ku kashe idan ta lafa. Inda hali ya yi, akwai fasahar kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwan jini da ƙwayoyin tsayar da zubar jini, irin wadda aka yi amfani da ita a Réunion.

Sai maganar da ta fi tsaya mini a rai. An ɗebi jinin mutane, an gano wani abu game da lafiyarsu, an wallafa a mujallar da ba za su taɓa gani ba. Su me suka samu? Dengue iri huɗu ce. Wanda ya yi ɗaya ya tsira daga ita, amma idan wata irin ta kama shi daga baya, haɗarin ta yi tsanani ya fi yawa, har da zubar jini ta ciki. Ke nan ma'aikacin da ke ɗauke da alamar, wanda zai tafi hutu gida a tsakiyar damina, shi ne ya fi kowa buƙatar a faɗa masa. A ce masa ya kiyayi cizon rana ba na dare kaɗai ba. A ce masa idan zazzaɓi ya kama shi kada ya sha asfirin ko ibuprofen, ya tsaya a kan farasitamol. A ce masa idan zazzaɓin ya sauka sai ciwon ciki mai tsanani da amai suka biyo baya, ko dasashi ya fara jini, to ba sauƙi ba ne, asibiti zai nufa. Na san irin wannan bincike galibi ana cire sunaye kafin a yi shi, kuma hakan daidai ne. Amma ba a buƙatar sunan kowa kafin a buga wannan bayani a takarda guda da Tagalog da Hindi da Urdu da Larabci a ajiye kusa da kujerar da mutum ke hutawa bayan an cire masa allura.

Haka kuma ƙasashen da suka fito. Idan kusan rabin 'yan wata ƙasa da ke wurinku sun taɓa yin dengue, alhali asibitocin ƙasar ba su cika gwada ta ba, duk zazzaɓi maganin cizon sauro ake ba shi, to kun riƙe labarin da ma'aikatar lafiyarsu ke buƙata. Ku aika musu. A can ne cutar ke yawo a jinin masu bayarwa a yau, kuma a can ne da yawa ke fama da ko gwaje-gwaje huɗun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wajabta, na ƙanjamau da ciwon hanta B da C da tunjere, balle a kai ga NAT. Amfanin jerin ke nan na gaskiya: yana nuna inda sauro ke ɓarna ba a sani ba.

Idan za ku sake ba da izinin irin wannan bincike, ku sa sharaɗi a rubuta inda mutum ya girma, shekarunsa nawa da barin wurin, yaushe ya je na ƙarshe, da rigakafin da aka yi masa, maimakon sunan ƙasa kaɗai. Indiya ƙasa ɗaya ce a fasfo, amma ɗan Kerala da ɗan tsaunukan Himalaya ba sauro ɗaya ya rene su ba. Ku kuma tabbatar duk sanarwar da za ta je hannun 'yan jarida ta faɗa a layin farko cewa alamar tsohuwar cuta aka auna, kuma ba ta hana jinin amfani. Su ma ma'aikatan da ke karɓar fom a zaunar da su a yi musu wannan bayani, domin su ne fuskar da mai bayarwa ke gani, ba ku ba.

Ina fatan samun amsarku a bainar jama'a, musamman a kan gyaran fom da kuma takardar bayanin dengue ga masu shirin tafiya gida.

Na gode, Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai ba da gudunmawar jini